Titin Burbon, Ƙarfe Uku na Dare

New Orleans ta gaji da busa ƙaho.
Na kashe tasi a bakin titin Burbon,
motar shara na gabana, tana lashe abin da mashaya suka bari.
Sunan gidan sarauta ne a jikin allon nan,
amma warin giya yake, da ɓawon jatan lande.

Ni na san gidan nan tun ina ɗan shekara sha uku,
a lakwal, can Tasawa,
inda Mushe Tankari ya zana mana itace da alli
ya ce ga saiwa, Kafe sunanta,
ta kama ƙasa tun kafin shekara ta dubu ta cika.
Uba ya ba ɗa, ɗa ya ba ɗa,
shekara ɗari uku da ɗoriya igiya ba ta tsinke ba,
sai 'yan'uwa uku suka hau, suka sauka kabari bi da bi,
ba wanda ya bar namijin da zai riƙe gidan.
Mata fa? in ji Zeinabu Maman daga bencin baya.
Ya ce furen gidan ba ya kaɗi da mazari.
Ya ci gaba.

Reshe ya karkata, Balwa suka ɗauka.
Su ma ƙarshensu 'yan'uwa uku.
Sai Burbon, masu gidan madubai da gashin aro,
su ma, wallahi, uku:
na fari aka raba shi da kansa a dandali,
na ƙarshe ya tsallaka teku da akwatunansa.
Kamar murhu, in ji Mushe,
duwatsu uku, sannan toka.
Na ci sha bakwai bisa ashirin a jarrabawar.
Sunan kakan kakana kuwa, har yau ban sani ba.

Yanzu ina tuƙi a kan rassan itacen.
Dofin, Orleyan, Konti.
Tuluz da Dumen, 'ya'yan da sarki ya haifa a waje,
an sa kowanne tsakanin titunan waliyyai biyu
kamar yaran da ake jin tsoron su yi ɓarna.

Jiya na ɗauki wata tsohuwa daga asibiti,
Odalie Batiste, baƙa kamar innata, da sandar ƙarfe.
Ta ga furen nan mai kunne uku
da na rataya a madubi don 'yan ƙwallon garin.
Ta ce, ɗana, ka san a ina kakanninmu suka fara sa shi?
Ta taɓa kafaɗarta.
Bawan da ya gudu, in an kamo shi,
da jan ƙarfe ake dasa masa furen sarki a nan.
Ta ce tata salsalar takarda ɗaya ce, ta ciniki,
suna ɗaya, shekaru, da farashi.
Ta biya ni, ta ƙara dala biyu, ta ce in sha kofi.

Mushe bai zana wannan reshen ba.
Wataƙila allin ne ya ƙare.

Ban cire furen ba tukuna. Ban san dalili ba.
Yana lilo, ina kallonsa,
ruwan Misisifi na wucewa bayan gini, ba ya tambayar ɗan wane.
An ce har gobe akwai jikoki a Turai
masu gardamar wa ya fi cancanta da kujerar da babu ita.

A Tasawa ƙarfe tara ta wuce.
Baffa Ilu ya dawo daga gona ke nan, in ƙafar ta bar shi ya je.
Shi kaɗai ya rage da ya san mu har kaka bakwai.
Na ɗauko waya, na ɗauko biro,
na juya rasidin mai ta baya.

Tana ringin.