Awon Cindo

Ni tela ne a bakin layin dogo, nan Agege.
Ban san waƙa ba, tef na sani da alli.
Amma in Cindo kuke tambaya,
yana cikin littafin awona, shafi na sha ɗaya.

Ƙugu ashirin da takwas.
Shekarar da ya diro Ikko daga motar shanu ke nan,
da ƙullin daddawar Gusau a jaka,
yatsansa na shida yana rawa a gefen hannu
duk sanda ya ja baiti.
Tsire yake juyawa a Obalende,
in ciniki ya lafa ya rera wa gawayi.
Wata Bayarabiya mai shirya wasa ta tsaya sayen na naira biyu,
ta tafi da tsire,
washegari ta dawo ta ɗauke mai tsiren.

Ƙugu talatin.
Na ɗinka masa rigar kwat ta matuƙin jirgin ruwa,
maɓalli takwas, biyu na aro.
Ya ba ni tikiti, na hau danfo har Iganmu,
zauren nan mai kama da hular soja.
Fitila ta sauka a kansa.
Ya ɗauko da Hausa, ya juya da Yarabanci,
ya taka har katako ya amsa masa,
jama'a suka miƙe tsaye.
Ni hammatar rigar nake kallo,
kada ɗinkina ya ba ni kunya.
Bai ba ni ba.

Ƙugu talatin da shida.
Talabijin ta kira shi,
muka ce kakarsa ta yanke saƙa.
Sai ga shi da takarda: kakin maigadi da hula.
Shekara sha ɗaya yana buɗe ƙofar attajirin ƙarya,
kowace Alhamis, ƙarfe takwas.
An ce ya riƙa karya harshe
don a yi dariya a falukan Surulere.
Muryar da ta cika Iganmu
ita ce ke cewa, "Oga, sannu da zuwa."
Da kakin nan ya biya haya,
ya kai Lantana makarantar jinya,
ya rufa wa tsohuwarsa ɗaki da kwano.
Yara a gadar Oshodi suna bin sa, Maigadi! Maigadi!
Yakan sara musu.
Sannan ya shigo shagona, ya zauna kan buhun ƙyalle,
bai ce uffan ba,
keken ɗinki ne ke yi mana hira.

Sau ɗaya, in ji shi, ana cikin ɗauka aka ɗauke wuta,
janareto ya ƙi tashi,
sai ya saki tsohuwar waƙar jirgin ruwa cikin duhu.
Attajirin ƙarya ya yi kuka na gaske.
Da wuta ta dawo, aka ce ya koma bakin ƙofa.

Ƙugu talatin, kuma.
Ba ƙuruciya ce ta dawo ba, ciwon suga ne.
Bara ya kawo rigar nan a leda,
asu ya ci kafaɗa, maɓalli saura biyar.
Wai yaran unguwa yake koya wa wasa
a ajin firamare, Asabar bayan la'asar,
suna son ganin abin da ya sa a Iganmu.
Na ɗauko tef. Ya ce bari.
Ya zura hannu, ta zauna masa cif.
Muka dubi juna, muka yi wata dariya
wadda ban so in tuna ba.

Jirgin ƙasa ya wuce, shago ya girgiza.
Ya ɗaga hannun nan mai yatsa shida,
ya ja baitin farko, murya ta tsage a tsakiya.
Ya yi tari. Ya sake ja.
Ni kuwa na sunkuya,
ina tonon gwangwanin madara,
ko zan sami maɓalli uku masu kama da na da.