Rijiyar Arzika

Ruwan rijiyar Arzika ya wayi gari da ɗanɗanon ƙarfe.
Gugan da ke cika a gaba bakwai,
yau sai da aka ƙara masa igiya.
Tururuwa sun kwashe ƙwansu daga gindin rumbu,
jaki ya turje kan turbar Kware,
kunnuwa a miƙe, kamar an kira shi daga ƙarƙashi.

"Ƙasag ga na shirin juyi," in ji tsohon.
Shekara arba'in yana shiga cikinta da diga,
ya san numfashinta.

Tumba, jikarsa mai karatun duwatsu a jami'a,
ta zo da allura mai zana layi kan takarda.
"Kaka, na'urar ma sai an girgiza take faɗi.
Ranar kam, ba wanda ya san ta."

Ya ajiye ƙwarya cike fal a tsakar gida.
Suka kwana waje, tabarma biyu,
ita tana gadin allura, shi yana gadin ruwa.

Gab da asuba ruwan ya yi rawa, sau ɗaya.
Tirelar siminti ce ta wuce,
ko kuwa?
Ba wanda ya koma ɗaki.