Ɓawon Albasa

Shekara tara ina gyaran salula a bakin babbar kasuwa,
kusoshin da nake kwancewa ba su kai ƙwayar gero ba.
Tabarau ya ishe ni: zufa ta zo, ya zame kan hanci,
hayaƙin dalma ya bi ya dusashe shi.
Sai na koma lantiy,
abin nan mai kama da ɓawon albasa
da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido.

Ran da na fara sa shi
na karanta lambar kabu-kabu daga tsallaken titi,
na yi ta dariya ni kaɗai.

Likita Barira ta yi mini faɗa tun ban yi laifi ba:
sabulu, tawul mai tsabta, sannan yatsa.
Ruwan kwalbarsa kawai zai sha, sabo kowane dare.
Kada ka kwana da shi, Sahabi.
Na ce to.
"To" ba ta da tsada a Maradi.

Wata Laraba ruwan kwalba ya ƙare,
jikka uku kuma ta yi mini nauyi.
Na ɗebo na randa. Ai shi muke sha, me zai yi?
Daren Juma'a na dawo daga Ɗan Gulbi a gajiye,
barci ya sace ni da shi a ido.

Da asuba na hagu ya yi ja wur,
kamar an cusa mini tsakuwa,
fitilar ɗaki ma ta zama abokiyar gaba.
Da lalube na nemo buta.

Ba ta ce "ai na gaya maka" ba.
Ta haska, ta yi shiru, shirun da ya fi zagi ciwo.
"Gyambo ne a kan baƙin ido.
Da ka ƙara kwana biyu, da sai dai labari."
Mako uku ina ɗiga magani,
teburina a kife, yaron Mani na kwashe mini ciniki.

Yau ga ƙanwata Tsahara da ƴar leda,
ta sayo masu launin zuma wajen mai tireda,
wai ita da ƙawarta za su riƙa karɓa-karɓa.
Ban ce mata komai ba.
Na ja ta bakin ƙofa, inda rana take,
na buɗe idon da yatsu biyu
ta ga ɗan farin tabon nan
da nake leƙen duniya ta gefensa.