Jan Man Zabuwa

A Garwa, tsakiyar bazara,
ƙadangare kan ɗaga ƙafa ɗaya ya hutar da ita,
kwalta ta yi laushi kamar nakiya,
Binuwai ta ja jiki ta bar wa masu wanki yashi.
A irin wannan rana Zabuwa ta ƙi ni.

Zabuwa, Shabarole ce, ta girme ni da shekara tara.
Kawu Maikano ya saye ta hannun wani Bature mai auduga,
ni na cire mata tsohuwar zuciya,
na dasa mata inji mai silinda takwas,
na shafe ta baƙi da ɗigon fari.
In ta yi gyaran murya a Rumde Ajiya
masu babur sukan ratse, mai shayi ya dafe kofunansa.
Ba ta da kuloci. Giyarta da kanta take shiga,
kamar ladanin da ba ya duba agogo.

To, ranar nan, bayan Fitowa,
Tingilin yana kallonmu ta hagu,
na taka, inji ya kwarma ihu, tayoyi suka yi kunnen ƙashi.
Wari ya taso,
irin na tuwon da aka manta a kan murhu.

Yuguda ya iso da tsumma a kafaɗa.
Bai gaishe ni ba. Ya zaro sandar awo,
ya goga a farar takarda, ya kai hanci.
"Man nan, ran da aka zuba shi, ja ne kamar zoɓo.
Dubi yanzu: gahawar da ta kwana.
Ka ba ta ƙirjin raƙumi,
ka bar ta da huhun ɗan tsako."

Kwana huɗu muna ƙarƙashin darbejiya.
Muka sauke kasko, muka share garin ƙarfe
da ya taru a maganaɗisu kamar kwalli,
muka sake matata.
Ya aike ni wurin 'yan gwangwan,
na ɓanɓaro ƙaramin lagireto daga gawar motar asibiti,
sefa dubu goma sha biyu, bayan rantsuwa uku.
Ya ɗaure shi a goshi, inda iska ke fara sallama,
ya ja bututu biyu na tagulla,
ɗaya mai kai zafi, ɗaya mai komo da sanyi,
ya kauce da su daga salansa
kamar mai kewaye ƙofar surukai.
Fanka kuwa ta wata bas ce da ta cika a hanyar Ngaundare.

Sai agogon zafi, ya liƙa mini kusa da sitiyari,
ya ja layi da farce:
"Allura in ta wuce nan, tsaya.
Ko naƙuda ake yi a kujerar baya, tsaya."

Na ce, nawa?
Ya ce in kai shi Lagdo ya ci kifi.

Muka tafi ran Lahadi, rana na dukan rufi,
idona ɗaya a hanya, ɗaya a allura.
Ta hau, ta hau, ta tsaya tana tunani,
fanka ta tashi,
ta sauko.

A bakin ruwa bai nemi kifi ba tukuna.
Ya buɗe bonet, ya taɓa bututun farko, ya fizge hannu.
Ya taɓa na biyu, ya bar tafinsa a kai,
ya daɗe.
"Ka gani? Ba a kashe wutar ba. Hanya aka ba ta."
Ya goge yatsu ɗaya bayan ɗaya.
"Ina da ƙane a Marwa.
Shekara ashirin da biyu, ko gaisuwar salla."

Ban ce komai ba. Ƙarfe yana ta ƙas, ƙas, yana hucewa.
Mai kifi ta kawo ragon ruwa biyu da yaji a takarda.
Ya ci rabi, ya dubi Zabuwa, ya dubi arewa:
"Marwa, nawa take sha?"