Ƙyallaye

Ni tela ne a Zango, daf da tashar Tanut.
Kekena ya girmi ɗana na fari.
In kuran ya ɗauke, ƙafa ta karɓi aiki,
ba ta taɓa zanga-zanga ba.

Benci guda gare ni, mutum biyu suka gaje shi da raina:
Kalla, da ya ajiye alli bara
bayan shekara talatin yana cusa wa yara
harshen da ba na uwarsu ba,
da Mutari mai tirela, wanda motarsa
ta yi wata bakwai tana hararar iyaka
har kaza ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashinta.

Kalla ya ce, "Yanzu muka zama mutane.
Wanda ya tsufa a gidan haya
ba ya kukan yoyon ɗakin da ya gina da hannunsa."
Mutari ya ce, "Malam, nawa tiyar gero yau a Dole?
Faɗa mini da Hausa,
tunda an ce yanzu ita ce ta ƙasa."

Ni dai allura ce a bakina.
Wanda ya ciji allura ba ya hukunci.

"Wa ya shawarce ni?" in ji Mutari.
"Yatsana har ya manta launin tawada."
"Sau nawa ka tsoma shi?" in ji Kalla.
"Me ka tsamo, ban da sabulu da rabin turmi?
A yi haƙuri, miya ba ta nuna ranar da aka shuka kuɓewa."
"To wa ke riƙe da ludayi? Shi nake tambaya."

Suka hau kan mai, suka sauka kan kuɗi,
ko a buga namu, ko a bar na da.
Matata na can arewa, harshenta na lasar dare,
nan kuwa Tsahara ƙarfe uku take tashi
ta tsuguna gaban famfo
tana sauraron tarinsa kamar na majinyaci.
Wannan ba su yi gardama a kai ba.
Duka biyun matansu na cikin layin.

Shekaranjiya aka kawo mini tuta ɗari biyu.
Da bakin kofin shayi nake zana ranar tsakiya,
in yanke, in ɗora kan fari.
Rabin kuɗi aka ba ni, saura sai bayan taro.
Haka masu jam'iyya suka ce a zamaninsu,
littafin bashina bai san an yi sauyi ba.

Akwai buhu a bayan ƙofa.
Duk wanda ya taɓa yi mana alkawari yana ciki:
rabin goshi, kunne ɗaya, murmushi ba ido,
guntun kalmar "gobe" da almakashi ya raba da jimlarta.
Ba na zubar da ƙyalle.
Da su nake shafin aljihu.

Aljihun Kalla na dama,
fuskar mutumin da yake tsine wa kullum ce a ciki,
can take kwana da goronsa.
Na Mutari kuwa, ragowar tutar jiya,
ita ke riƙe masa dala ashirin ɗin da ta rage.
Ban faɗa musu ba. Ba zan faɗa ba.

Da ladan ya ɗaga murya daga wajen duwatsu
ba wanda ya kayar da wani.
Ruwan butata bai kai rabi ba.
Kalla ya tsiyaya wa Mutari a hankali,
ya tsayar, ya girgiza, ya ji nauyin abin da ya saura,
ya ce, "Ka rage mini na ƙafa.
In an sallame, ina da amsar maganar ludayin nan."