Kaka Consorcia Tana Gyara Littafi

Kwana uku bayan guguwa ta saki Samar
muka shanya littattafan makaranta kan kwanon coci,
tare da kifi, tare da shinkafar da ta jiƙe.
Rana ba ta bambanta su ba.
Wanda ya fara bushewa na ɗauko,
shafukansa sun kumbura kamar ƙafar mai ciki,
na zauna gefen Kaka tana ɗinkin koma.

Na karanta mata:
mutanen tsibiran nan gora ne,
iska ta kwantar da su, su miƙe suna dariya.

Ba ta ɗago ba. Ta ciji zare, ta tofar.
"Mai wannan magana ya taɓa kwana a kurmin gora?
Ya ji kukan da yake yi da dare?
Lanƙwasa ma ciwo ce.
Ci gaba."

Na buɗe labarin uwar da ta haye teku,
shekara goma sha ɗaya tana renon 'ya'yan wasu,
duk Kirsimeti kwali ya iso:
sabulu, gwangwanin nama, takalmi.
Marubucin ya kira ta kyandir
mai cin kansa don ɗaki ya samu haske.

"Kyandir!" Kaka ta yi tsaki.
"Luzviminda 'yata ce, ni na yaye ta.
Tana son ɗanyen mangwaro da gishiri,
tana minshari, ga faɗa kamar zakara.
Takalmin da ta aiko maka bara,
ba sai da muka yanke dunduniyarsa ba?
Da zanen ƙafarka na shekara biyu baya
ta shiga kasuwa a Hong Kong.
Abin da za su rubuta ke nan:
uwa ta san kuɗin makarantar ɗanta har sentabo,
ba ta san tsawon ƙafarsa ba."

Na ja ƙafata ƙarƙashin benci.

Sai shafin da na fi so, mai hoto:
maza ashirin sun sa kafaɗa ƙarƙashin bukka
sun ɗauke ta ɗungurungum zuwa tudu.
Nan ta soke allura a gefen zane, ta duba sosai.
"Wannan kam haka yake.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Amma ina Teroy a hoton?
Teroy da ya yi shekara bakwai ba ya gaishe ni
kan bishiyar kwakwa uku a bakin iyaka,
daren guguwa shi ya goya ni,
ruwa har ƙirjinsa,
yana zagina, ina rama masa,
har ƙofar coci.
Tausayin littafi farar riga yake sawa.
Namu ƙarnin kifi yake,
bakinsa kuma ba linzami."

Na ce, to ƙarya ya yi ke nan, Kaka?

"A'a. Baƙo ne mai kirki.
Ya leƙo ta taga, ya faɗi abin da ya gani,
ya ma yi mana kuka, Allah ya saka masa.
Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."
Ta laluba kwandon ƙugiyoyi
ta miƙo mini guntun fensir,
ta nuna gefen shafi,
inda laka ta ja layi ta tsaya.
"Akwai wuri nan."

Da yamma aka raba tallafi, kofi uku kowane gida.
Ta auna ɗaya a ganyen ayaba, ta ƙulle.
"Kai wa Teroy. Kwalekwalensa bai dawo ba,
ƙaramin ɗansa kuwa yana ciki.
Ajiye a bakin tsani, kada ya gan ka.
Kuma ka ji ni da kyau, Crisanto,
wannan ba na rubutawa ba ne."

Na kai. Na dawo.
Na jira har numfashinta ya yi nauyi,
sannan na matsa kusa da fitila.