Jirgin Ja

A Ƙofar Marusa, gindin dalbejiya,
Baba Mati na tufka igiya,
tafin hannunsa duk kanta.

"Namu ba shi da igwa, ɗana.
Guntu ne, baƙi, sai hayaƙi kamar maƙera,
ko suna babu, lamba ce a ƙirjinsa.
In aka huda cikin babban jirgi,
hafsoshi suka yi tsuru-tsuru,
mu ake kira.
Kwana uku muna jan wani, teku na haɗiyarsa,
igiya ta tsinke, ta tafi da yatsun Ilu.
Da muka iso gaɓa,
babban aka kaɗa wa badujala."

Ya yi shiru.
Kan titi, tsohuwar tarakta
na jan tirelar da ta mace.
Ya miƙe, ya ƙame,
har suka wuce.